Tambayoyi da Amsoshi Kan Manhajojin da Ke Zaɓa wa Mutum Littafi Bisa Salon Rubutu

Shafukan intanet da manhajoji da dama suna alƙawarin nemo maka littafin da aka rubuta da salo irin na wanda ka ji daɗinsa. Kaɗan ne daga cikinsu suke duba salon kansa, sauran wani abu daban suke aunawa. Wanda ya san abin da kowannensu yake aunawa ya fi samun biyan buƙata.

Me ake nufi da salo a nan, kuma ina bambancinsa da jigo?

Jigo shi ne abin da littafi yake magana a kai: soyayya, yaƙi, binciken laifi, hijira. Salo kuwa shi ne yadda aka faɗi maganar. Dubi waɗannan biyun:

"Ya tura ƙofa. Ba kowa. Fitila na ci. Ya koma da baya."

"Da ya tura ƙofar a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci, sai ya tarar ɗakin wayam, babu motsin kowa in ban da fitilar da aka bari tana ci, abin da ya sa ya ja da baya ba tare da ya san dalili ba."

Abu ɗaya ne ya faru. Na farko jimla 4 ne da kalma 12, na biyu jimla ɗaya tal mai kalma sama da 40. Akwai mai karatun da na farko ke sa shi zaƙuwa, akwai wanda yake ganin an yi masa rowar magana. Tsawon jimla, yawan zance tsakanin taurarin labari, yawan siffantawa, adon harshe, saurin tafiyar labari, da bakin wanda ke ba da shi (ko "na ce" ko "ya ce"), duk su ne salo. Littattafai biyu kan iya haɗa jigo ɗaya, salonsu ya yi hannun riga.

Shin waɗannan manhajoji suna karanta littafin da gaske?

Galibinsu ba sa karantawa. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko ita ce bin sawun masu karatu. Manhaja tana lura cewa mutanen da suka ba wannan littafi maki mai yawa sun kuma so wancan, sai ta haɗa su. Ba ta san ko jimla ɗaya daga cikinsu ba. Wani lokaci takan dace, domin masu son salo ɗaya sukan taru a kan marubuta iri ɗaya, amma sau da yawa abin da ya haɗa littattafan shi ne sun fito a shekara ɗaya, ko an yi ta tallarsu tare.

Ta biyu ita ce laƙabin da mutane suka liƙa wa littafi bayan sun karanta: mai sauri, mai nauyi, mai ban dariya, mai ƙawataccen harshe. Wannan ta fi kusa da salo, kuma ingancinta ya dogara ga wanda ya sa laƙabin, ko ƙwararren ma'aikacin laburare ne ko duk wanda ya ga dama.

Ta uku ita ce auna matanin kansa da kwamfuta, a ƙirga kalmomi da jimloli. Ita ce awon salo na haƙiƙa, ita ce kuma ta fi ƙaranci a shafukan da kowa ke iya shiga.

Wane shafi ne yake bin wace hanya?

Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma Amazon ta saye shi a 2013, ya fi dogara ga makin masu karatu da rukunonin da suka jera littattafansu. LibraryThing, wanda Tim Spalding ya kafa a 2005, yana kwatanta jerin littattafan da mutane suka mallaka da kuma laƙabin da suka sa musu. Literature-Map yana zana taswirar marubuta: ka rubuta suna ɗaya, sai wasu sunaye su kewaye shi, mafi kusa shi ne wanda masu karatu suka fi ambata tare da shi. Taswirar tana da kyan gani, sai dai kusancin na masu karatu ne, ba lallai na alƙalami ba.

The StoryGraph, wanda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, yana tambayar wanda ya gama littafi yanayinsa, da saurinsa (a hankali, matsakaici, ko da sauri), da ko labari ne ke jan sa ko halayen taurari. Whichbook na Birtaniya yana da sanduna da ake ja hagu ko dama, kamar tsakanin farin ciki da baƙin ciki, ko sauƙi da wahala, kuma mutane ne da aka horar suke karanta littattafan su auna su. Yana nuna ɗan tsakure daga littafin, wanda hakan babbar fa'ida ce ga mai neman salo. NoveList na kamfanin EBSCO shi ne ya fi fitowa fili da batun salo, domin yana da rukuni na musamman na siffofin rubutu ban da na sauri da na yanayi. Matsalarsa ita ce ta hanyar laburaren da ya yi rajista ake shigarsa.

In salo kake nema tsantsa, NoveList da Whichbook sun fi cancanta a fara da su, sannan The StoryGraph.

Ta yaya kwamfuta take auna salo?

Wannan ilimi ya girmi kwamfuta. Tun a 1887 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Thomas Mendenhall, ya riƙa ƙirga tsawon kalmomin marubuta don ya ga ko kowa yana da tasa alamar. Amma babban abin da aka gano daga baya shi ne, ba manyan kalmomi ne ke tona asirin marubuci ba, ƙananan kalmomin nahawu ne waɗanda ba ya ma lura yana amfani da su. A Hausa, irin su "da", "sai", "kuma", "dai", "ma", "amma". Marubuci yana iya sauya jigo daga littafi zuwa littafi, amma da wuya ya sauya yawan "sai" da ke zubo masa a kowace kalma dubu.

A 1964 Frederick Mosteller da David Wallace sun yi amfani da irin waɗannan kalmomi a kan wasu maƙaloli 12 na siyasar Amurka da ake jayayya kan ko Alexander Hamilton ne ya rubuta su ko James Madison. Kalmar "upon", alal misali, Hamilton yana yawan amfani da ita, Madison kuwa ba safai ba. Lissafin ya karkata ga Madison.

Hanyar da ta fi shahara yau ita ce wadda John Burrows ya fitar a 2002 mai suna Delta. Ga yadda take tafiya. Ana tara littattafai da yawa, a fitar da kalmomin da suka fi maimaituwa a cikinsu, misali 100 ko 150. Ga kowane littafi, a lissafa kason da kowace kalma ta ɗauka. Sai a duba yadda kason ya ɗara ko ya gaza matsakaicin dukan tarin, a daidaita awon yadda kalma mai yawan gaske ba za ta danne sauran ba. A ƙarshe a ɗauki littafi biyu, a fitar da tazarar da ke tsakaninsu kalma bayan kalma, a ɗauki matsakaicinta. Ƙaramar lamba tana nufin salo ya kusa.

Ana ƙara wasu ma'aunai: tsawon jimla da yadda yake hawa da sauka, yawan waƙafi, kason zance, jerin haruffa huɗu-huɗu, da kalmomin da suka saba zuwa biyu-biyu. Da irin waɗannan ne Patrick Juola ya taimaka a 2013 wajen nuna cewa marubucin da ya kira kansa Robert Galbraith, J.K. Rowling ce, marubuciyar littattafan Harry Potter. Sababbin manhajoji kuma suna mayar da kowane yanki na rubutu jerin lambobi masu yawa, su kwatanta kusancinsu. Wannan hanya tana da ƙarfi, amma tana yawan cakuɗa jigo da salo: labarai biyu da suka faru a teku za su fito kusa da juna saboda kalmomin jirgi da igiyar ruwa, ko da ɗaya gajerun jimloli ne ɗaya dogaye.

A riƙe wani abu guda. An ƙirƙiri waɗannan dabaru ne don gano wanda ya rubuta, ba don gano abin da zai yi maka daɗi ba. Marubuta biyu suna iya daidaita a yawan kalmomin nahawu, ɗaya ya riƙe ka har asuba, ɗaya ka ajiye shi a shafi na goma.

To me ya sa masu auna matani ba su yi yawa ba?

Haƙƙin mallaka. Kafin a auna littafi sai an mallaki cikakken mataninsa, kuma sababbin littattafai suna hannun maɗaba'u. Wani kamfani a jihar Idaho ta Amurka mai suna BookLamp ya taɓa yin wannan aiki, yana auna sauri, cunkoson rubutu, zance da siffantawa, har Apple ya saye shi a 2014 aka rufe shafin ga jama'a. Abin da ya rage a buɗe ga kowa galibi tsofaffin littattafai ne da haƙƙinsu ya ƙare, irin na shafin Project Gutenberg mai ɗauke da littattafai sama da 70,000. Shi ya sa ƙananan manhajojin awon salo sukan ba ka marubutan ƙarni na 19 ko da littafin bana ka tambaya.

Yaya zan shirya don in sami shawara mai kyau?

Ka fara a takarda kafin ka taɓa waya. Rubuta littattafai 5 da rubutunsu ya burge ka, ba labarinsu kaɗai ba, da 3 da ka kasa gamawa. A gaban kowanne ka rubuta dalili a jimla ɗaya. Kada ka rubuta "yana da daɗi". Rubuta abin da za a iya nunawa da yatsa: babi gajeru ne, zance ya fi bayani yawa, mai ba da labarin yana magana da bakinsa, ba a cika siffanta wuri ba. Za ka ga siffa biyu ko uku suna maimaituwa. Su ne abin nemanka.

Daga nan ka shigar da aƙalla littattafai 20 a shafin da ka zaɓa. Ƙasa da haka, manhajar ba ta da abin kamawa, sai ta cika maka fuska da waɗanda kowa ya sani. Ka yi amfani da dukan matakan maki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba komai 4 ko 5, alhali makin 1 da 2 ma suna koya wa manhaja, domin su ne ke nuna mata iyakarka. Kada kuma ka shigar da littattafan makaranta ko na aiki cikin jeri ɗaya da na nishaɗi, za su karkatar da sakamakon.

In kana da tsohon jeri a Goodreads, akwai wurin fitar da shi a fayil ɗin CSV (fayil mai jera bayanai layi-layi), wanda The StoryGraph da LibraryThing suke karɓa. Bayan ka shigar, ka duba jerin da idonka, don wani lokaci akan haɗa littafi da bugun da ba shi ba.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, fa, za a iya dogara da su?

Suna da fa'ida guda da sauran ba su da ita: kana iya yi musu bayani da kalmominka, su fahimci abin da babu maɓallinsa a wani shafi. Amma amsar tana bin tambayar. In ka ce "ba ni littafi irin wane", jigo za su bi. Gara ka ce: "Ina son ƙagaggen labari mai gajerun jimloli, wanda tauraron ke ba da shi da bakinsa, zance ya yi yawa, ba ruwana da jigo. Ba ni guda 6, kada a sa wanda ya yi fice sosai, kuma a faɗi siffar rubutun da ta sa aka zaɓi kowanne." Kana iya liƙa sakin layi ɗaya ko biyu da kake so, ka nemi ta fara bayyana salonsu kafin ta ba da sunaye. In bayanin bai yi daidai da abin da kake ji ba, ka gyara shi tukuna.

Haɗarinsu babba ne kuma sananne: suna ƙago littafin da babu shi, su jingina shi ga marubuci na gaske, har da taƙaitaccen labari mai gamsarwa. Dalili shi ne aikinsu haɗa kalmomin da suka dace da juna ne, ba duba kundin laburare ba. A watan Mayu na 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 na karatun bazara, aka gano 10 daga ciki babu su a duniya. Saboda haka duk sunan da aka ba ka, ka nemo shi a WorldCat ko Open Library, manyan kundayen littattafai na intanet, ka tabbatar sunan littafi da na marubuci sun zo tare, kuma yana da lambar ISBN (lambar shaida da ake ba kowane bugun littafi) in bugun zamani ne. Tsakuren da manhajar hira ta ce ta ciro daga littafi ma kada ka yarda da shi sai ka gani a littafin.

Me ya sa kullum littattafai iri ɗaya ake nuna min?

Abu biyu ne. Littafin da mutane dubbai suka ba maki yana da alaƙa da kusan kowane littafi, don haka yana fitowa a jerin kowa. Sabon littafi ko na marubucin da ba a sani ba kuwa ba shi da makin da zai haɗa shi da komai, sai ya zauna a ɓoye ko da shi ne ya fi dacewa da kai. Na biyu, duk abin da ka danna yana ƙara tabbatar wa manhajar cewa irinsa kake so, da'irar tana ta ƙuntata.

Maganin shi ne ka danna "ba na so" a inda aka tanada, ka nemi ta siffa maimakon ta sunan littafi, ka kuma sauya siffa ɗaya da gangan lokaci zuwa lokaci: salo iri ɗaya amma wata ƙasa, ko wani zamani.

Littafin da aka fassara, salon wa ake aunawa?

Na mutum biyu a haɗe. Tsarin labari, yawan zance da tsawon babi na marubuci ne. Zaɓin kalma da kiɗan jimla kuwa sun bi ta hannun mai fassara. Shafuka da yawa suna tara makin fassarori daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka yabon da ka karanta yana iya zama na wata fassara ce ba wadda ke hannunka ba. Ka duba sunan mai fassara da shekarar bugu kafin ka yanke shawara.

Suna aiki ga littattafan Hausa da sauran harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba?

Aikinsu a nan yana da rauni, kuma dalilan a fili suke. Littafin da ba shi da ISBN, ko ba a shigar da shi kundi ba, ko masu karatunsa ba sa ba da maki a waɗannan shafuka, tamkar babu shi ne a wurin manhaja. A nan ne kuma manhajojin hira suka fi ƙago sunaye. Ma'aunan sauƙin karatu ma, irin wanda Rudolf Flesch ya fitar a 1948, an gina su ne a kan tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalmar Ingilishi, lambar da za su ba rubutun Hausa ba ta da ma'ana.

Awon kalmomin nahawu dai ba ruwansa da harshe, yana aiki muddin akwai matani mai tsabta. Abin da ke ɓata shi shi ne rashin daidaiton rubutu. In wani ya rubuta "ƙasa" wani "kasa", ko wani ya raba "ya na" wani ya haɗa "yana", kwamfuta za ta ɗauke su kalmomi daban, sai ta ƙare da auna hannun mai buga rubutu maimakon alƙalamin marubuci.

In na liƙa rubutuna aka ce na yi kama da wani shahararren marubuci, gaskiya ne?

Shafin I Write Like, wanda ya fito a 2010, shi ya yaɗa wannan. Yana kwatanta rubutunka da ƙayyadadden jerin marubutan Ingilishi, kuma dole ya ba da suna ɗaya ko da babu wanda ka kusanta. Sauya sakin layi, sunan ya sauya. Binciken Maciej Eder, masanin awon salo, ya nuna cewa awo irin wannan ba ya tsayawa da ƙafafunsa sai samfuri ya kai wajen kalma 5,000. Ka ɗauki sunan a matsayin wanda za ka leƙa, ba hukunci ba. Rubutun da ba ka buga ba tukuna kuwa, ka karanta sharuɗɗan shafi kafin ka liƙa shi, don wasu suna adana abin da aka saka musu.

Zan iya yin awon da kaina?

Ƙwarai. Voyant Tools, shafin intanet na nazarin rubutu, kyauta ne kuma a burauza yake aiki: ka ɗora matani, ya nuna yawan kalmomi da matsakaicin tsawon jimla. Ka tuna ka kashe jerin kalmomin da yake ɓoyewa, domin ƙananan kalmomin da kake nema su ne yake cirewa tun farko. Mai son zurfafawa sai ya ɗauki stylo, wanda ke aiki cikin manhajar lissafi ta R. Ana zuba littattafai a jaka ɗaya a matsayin rubutu zalla, sunan kowane fayil ya fara da sunan marubuci, a zaɓi kalmomi 100 zuwa 500 mafi yawa, sai ya zana reshe-reshe da ke nuna wa ya kusanci wa. Kafin nan ka goge gabatarwa, bayanin maɗaba'a da lambobin shafi. Kada ka haɗa waƙa da zube, ko harshe biyu, a awo ɗaya. Ka sa aƙalla littafi biyu na kowane marubuci: in nasa biyun ba su zauna kusa da juna ba, akwai matsala a matanin ko a saitin.

Ta yaya zan gwada littafin da aka ba ni shawara kafin in saya ko in ara?

Gani ya kori ji. Yawancin masu sayar da littattafan lantarki suna ba da samfuri kyauta, Google Books ma yana nuna wasu shafuka na littattafai da yawa. Ka karanta shafi biyu na farko, amma kada ka tsaya nan, domin farkon littafi shi ne wurin da aka fi gogewa. In akwai hali ka tsallaka tsakiya ka karanta cikakken shafi ɗaya, wanda ke da zance da bayani a haɗe. Ka karanta sakin layi ɗaya da murya, kunne yana kama abin da ido ya wuce. Sannan ka ɗauko siffofi biyu ko ukun nan da ka rubuta a takarda, ka duba ko suna nan. In biyu sun bayyana, littafin ya cancanci babi uku na gwaji. In babu ko ɗaya, ka koma shafin intanet ɗin da ya ba ka shawarar ka danna cewa shawarar ba ta dace ba, don ta gaba ta gyaru.